Damari ba labarin bindiga kaɗai ba ne

A 1793 jakadan Ingila, Lord Macartney, ya isa fadar Sarkin Sin neman a buɗe wa ƙasarsa ƙofar ciniki. Tafiyar ba ta haifar da ɗa mai ido ba, sai dai cikin ayarin akwai wani matashin mai zane, William Alexander, wanda ya duƙufa kan zana 'yan dako, masu kwale-kwale, 'yan talla da 'yan wasan kwaikwayo, ya kuma fitar da su a littafi a 1805. Bayansa George Chinnery ya zauna a Makawo daga 1825 har mutuwarsa a 1852, yana zana wanzamai a bakin titi da 'yan caca a tsugune. Har gobe mai son ganin talakan Sin na wancan zamani sai ya leƙa waɗannan takardu.

Mu ma haka aka yi mana. Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya kalli damben mahauta a Kano a 1824, ya rubuta yadda aka kara, kuma a 1826 ya ratsa Birnin Gwari kan hanyarsa ta Zariya. Wani matafiyin, Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya zana Kano daga kan dutsen Dala a 1851. Amma wanda ya gyara zanen don ɗab'i a Jamus, Bernatz, bai taɓa taka Kano ba. Baƙo abin da ya ba shi mamaki yake ɗauka, ya bar sauran. Namu marubutan kuwa, irin na Tarihin Kano, sarakuna da yaƙe-yaƙe suka fi ba muhimmanci. Ɗan dara a gindin bishiya bai samu shiga ba.

To, yau wa ke adana rayuwar Damari da ke ƙasar Birnin Gwari? Duk wanda ya nemi sunan garin a intanet, abin da zai tarar shi ne 'yan bindiga, ƙungiyar Ansaru da gudun hijirar 2022. Duk gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Mutanen nan manoma ne masu cika motoci da masara. Suna kokawa bayan kaka, 'yan mata na gaɗa, yara na langa da tashe. Shekarun tashin hankali sun tarwatsa dattawan da suka san waɗannan wasanni da waƙoƙinsu, kuma sulhun da Gwamnan Kaduna Uba Sani ya ƙulla da 'yan bindiga a Nuwamban 2024 ba zai dawo da abin da aka manta ba.

Wayar da ke aljihun kowane saurayi ta fi alƙalamin Barth aiki. Malaman makaranta su tura ɗalibai wajen kakanninsu, a ɗauki murya da hoto da izinin masu su, a rubuta suna da rana, a kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna. In muka yi sakaci, jikokinmu a rahoton jami'an tsaro za su karanta tarihin garinsu.