A Bar Wa Keke Hanyarsa

Jama'a, akwai wani gari a kudancin ƙasar Wales, yamma da Ingila, sunansa Llanelli. A da an san shi da ƙera ƙarfe da kwanon da a ke yin gwangwani da shi. Bakin tekunsa duk masana'antu ne da tashoshin jiragen ruwa da tulin toka, har mutanen garin ba su da ta inda za su kusanci ruwan da ke ƙofar gidansu. A 1981 aka rufe babbar ma'aikatar ƙarfe ta Duport, mutum sama da 1,000 suka rasa aiki. Ba a daɗe ba gidan wutar lantarki da ke Burry Port, nan kusa, shi ma ya daina aiki. Wurin ya zama kufai.

To, abin da suka yi da kufan nan shi na ke so mu duba. Sun share shi, sun dasa itatuwa, inda ma'aikatar ƙarfe ta ke a da suka haƙa tafki, su na kiransa Sandy Water Park. Sa'an nan suka shimfiɗa hanya a gefen teku, tsawonta wajen mil 13, daga Bynea a gabas har Pembrey a yamma, suka ce ta mai keke ce da mai tafiya a ƙasa. Mai mota sai ya ajiye motarsa a wurin da aka tanada, ya sauko. Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe wurin a 2002, sunansa Millennium Coastal Park.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara na a zo a gani. Wanda ya taso daga gabas zai fara da fadamar tsuntsaye da aka buɗe a 1991, ta ƙungiyar nan da Peter Scott ya kafa a 1946. Can ne agwagin ruwa da zalɓe da sauran tsuntsayen bakin ruwa ke taruwa, dubbai a lokacin sanyi. Daga nan sai ya bi gaɓar mashigin kogin Loughor, ya na hangen tuddan Gower a ƙetare, ya wuce tafkin, ya isa Burry Port, inda jirgin da ya ɗauko Amelia Earhart ya sauka a kan ruwa a 1928, ta zama mace ta farko da ta ƙetare tekun Atlantika ta sama. Ƙarshenta ya kai dajin Pembrey, wanda a da wurin yin albarushi ne, da rairayin Cefn Sidan mai tsawon mil 8.

Ni dai a ganina sun yi daidai, kuma mafi daidai a cikin aikin shi ne hana mota. Na san masu cewa ai titi na kowa ne, mai keke ya raɓa gefe mana. Wannan magana ce ta wanda ya ke cikin mota. Duk inda aka haɗa keke da mota a hanya ɗaya, wa ke saura a kan keken? Samari majiya ƙarfi, da wanda ba shi da yadda zai yi. Tsoho ya sauka, mace mai goyo ta sauka, uba kuwa ba zai bar ɗansa ɗan shekara bakwai ya hau ba ko da wasa. Watau ba a rubuta doka ta hana su ba, tsoro ne ya kore su. Da zarar an cire motar sai ka ga sun dawo da kansu, ba sai an yi musu shela ba. Tsuntsaye ma haka. Ba za ka tara agwagi a fadama ba alhali injin na ruri a gefenta dare da rana.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. A na cewa tafki da furanni ba su mayar wa maƙerin ƙarfe da albashinsa. Gaskiya ne. Mai sayar da shayi da mai ba da hayar keke ba za su ɗauki mutum 1,000 aiki ba har abada. Amma fa ba hanyar keke ce ta rufe ma'aikatar ba, ta tarar da ita a rufe. Zaɓin da ke gabansu shi ne ko a bar tsatsa da guba, ko a yanka filin a sayar wa masu hali su kewaye da katanga, ko kuwa a buɗe wa kowa kyauta. Na uku suka ɗauka. Wani kuma zai ce kuɗi mai yawa daga asusun cacar ƙasa ya fito. Haka ne, ni ma ban so wannan ba, amma wannan aibin hanyar samun kuɗin ne, ba na aikin ba.

Mu da za mu zama malamai, ko mu ka riga mu ka zama, abin ya shafe mu ta wajen sana'a. Mu na koya wa yara labarin ƙasa daga allo. Mu zana musu mashigin kogi da alli, mu ce ruwan teku kan cika ya janye sau biyu a yini, su haddace, su rubuta a jarrabawa, su manta. Malamin da ke Llanelli ya na iya jera ajinsa a kan kekuna, ya kai su su ga laka da safe inda za su tarar da ruwa da rana. Keke ya fi ƙafa nisan zango, ya fi mota ba da damar gani, ga shi ka na tsayawa inda ka ga dama. Abin da ya sa malamin ya ke iya yin haka ba ƙwazonsa ba ne kaɗai. Ya san ba zai koma wa iyaye da mugun labari ba.

Kada a ce wannan sai Turai. A Ikko ma akwai tafki da fadama da bakin teku. Bar Beach, inda iyalai kan je shan iska a da, an cike shi an gina Eko Atlantic. A Lekki kuwa tun 1990 aka keɓe wani yanki na fadama mai hekta 78, a ke shiga a ƙasa a kan gadar katako, ya na nan gine-gine sun kewaye shi. Ashe in an so a keɓe, a na iyawa. Abin da ya rage mana shi ne mun mai da keke alamar rashi. Malamin da, kekensa abin alfahari ne, ya goge shi ranar Juma'a har ya na walƙiya. Na yau kuwa gara ya ci bashi ya sayi babur da a gan shi ya na taka feda.

Ba mu da ikon gaɓar teku, amma mu na da hanyoyin cikin kwalejin nan. Ina roƙon Shugaban Kwaleji da ƙungiyar ɗalibai su gwada abu ɗaya a zangon karatu mai zuwa. A zaɓi hanya guda, a hana mota da babur binta ranar Asabar daga la'asar zuwa magariba, a bar ta ga masu keke da yaran malamai. A sa ɗalibai biyu su riƙa ƙirga masu hawa kowane mako, a kawo lissafin a buga a wannan shafi.