Rigakafin Sankarar Mahaifa: Saura Aikin Iyayen Ƙasa

Ran 24 ga Oktoba, 2023, Gwamnatin Tarayya ta shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV cikin alluran da ake yi kyauta, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su. Allura ce guda tak, ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, don kare su daga sankarar bakin mahaifa in sun girma.

Wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da shi a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. Ƙwayar takan shiga jiki ta hanyar saduwa, ko da ta aure ce, ta yi shekara da shekaru ba alama. Shi ya sa ake yin allurar tun yarinya ba ta isa aure ba. Macen ƙauye a Karaye ko Rogo, kafin zubar jini ya kai ta asibiti, har a tura ta birnin Kano, sau da yawa ciwon ya riga ya ci ƙarfinta, maigida kuma ya karyar da hatsi da dabbobi.

Masu raɗe-raɗin cewa allurar tana hana haihuwa ba su kawo hujja ko ɗaya ba. Irin wannan magana ce ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, yara suka nakasa a banza. A Ingila kuwa, inda aka soma allurar tun 2008, binciken 2021 ya nuna ciwon ya ragu da kashi 87 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13.

Saboda haka wajibi ne hakimai da dagatai da limaman ƙasar Karaye da Rogo su ɗauki wannan aiki nasu ne. Kada a tsaya ga 'yan firamare kaɗai. A bi makarantun Islamiyya da na allo, da rugage, da 'yan mata masu talla ranar kasuwa. Ƙananan hukumomin biyu kuma su tanadi abin hawa da firjin adana allurar, don ta isa ƙauyuka da ƙarfinta.

Gwamnati ta kawo allura, amma izinin uba ne ke kai yarinya wurinta. Rigakafi dai ya fi magani.