Ɗan Kasuwa, Ina Littafin Shirinka?

 

A wannan karon zan ajiye maganar makaranta in leƙa kasuwa. Na san wani zai ce, me ya haɗa malamin makaranta da kasuwa, mutumin da ba shi da haja sai alli, ba shi da ciniki sai ƙarshen wata? Gaskiya ne. To, amma abin da ya sa ni magana a cikin gidanmu ya faru, kuma ina zaton ba gidanmu kaɗai ba ne.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mai ɗan kanti a bakin titi a unguwarmu nan Kumasi. Yana sayar da shinkafa, da sukari, da man girki, da madara, da sabulu, da sauran tarkacen gida. Da asuba yake buɗewa, sai bayan isha'i ya rufe. Ba ya caca, ba ya shaye-shaye. A ƙarshen shekarar 2022 ya same ni ina duba takardun jarrabawa, ya zauna ya yi jugum, can ya ce, "Yaya, ni fa ban san inda kuɗina ya shiga ba. Kullum ina ciniki, kullum ina ganin riba, amma kanti sai ƙara zama fayau yake yi. Anya ba hannu aka sa mini ba?" Na ce ya kawo mini littafinsa mu duba. Ya ce, "Wane littafi? Ai duk lissafin yana ka." Dare biyu muka yi muna tono. Ba mu sami sammu ba, sai dai ramuka, kuma da hannunsa ya haƙa yawancinsu.

A kwalejin horon malamai abu na farko da aka cusa mana shi ne, malami ba ya shiga aji da ka. Sai ya tsara aikin zangon karatu gaba ɗaya, ya raba shi mako-mako, sa'an nan ya rubuta shirin kowane darasi, hedimasta ya duba ya sa hannu. Shirin nan kuwa amsar tambayoyi huɗu ne: ina yaran suke yanzu, ina nake so in kai su, yaushe kuma da wane kayan aiki, sa'an nan me zan yi idan abin ya ƙi tafiya yadda na so. Waɗannan tambayoyi su ne manyan kamfanoni suke biyan masana maƙudan kuɗi a amsa musu, suna kiran abin tsarin dogon zango. Mai tebur da mai kwantena za su iya yin nasu a littafin rubutu na 'yan makaranta.

Kada wani ya ce wannan abin Turawa ne. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gonja, tafiyar watanni suke yi da jakuna. Kafin ayari ya tashi, madugu ya san lokacin da ya dace a kama hanya, ya san inda ruwa yake, ya san inda za a biya kuɗin fito da inda za a gai da sarki, ya san kowane masauki. Sunan unguwannin nan namu ma, wato zango, daga can ya samo asali. Ashe shiri gadonmu ne, mu ne muka yar.

Tambaya ta farko: ina nake yanzu? Ka rufe kanti rabin yini ka ƙirga. Kayan da ke ƙasa a bisa farashin sari, da kuɗin da ke aljihun tebur, da na cikin momo, da bashin da kake bi wanda kake da tabbacin za a biya. Ka haɗa, ka cire bashin da ake bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka. Mutane da yawa suna gudun wannan ƙirga kamar yadda yaro yake gudun ranar ba da sakamako, alhali ƙin duba ciwo ba ya warkar da shi.

Da muka yi wa ƙanena wannan ƙirga, ramin farko da muka gani shi ne aljihun kanti da aljihun gida sun zama ɗaya. Cefane daga nan, kuɗin makarantar yara daga nan, gudummawar biki da suna da ta'aziyya duk daga nan, ba a rubuta ko ɗaya ba. Ban ce a yanke zumunci ba, Allah Ya kiyaye. Abin da na ce masa shi ne ya yanka wa kansa albashi kamar yadda gwamnati ta yanka mini, ya kuma ware wani abu sananne kowane wata domin hidimar 'yan'uwa. In ya ƙare, ya ƙare, sai a ba da haƙuri. Wanda ya cinye uwar kuɗi don gudun a ce ya yi rowa, gobe shi ne zai zo neman taimako wurin waɗanda yake jin kunya. Rami na biyu bashi ne na maƙwabta, "rubuta mini" ba tare da an rubuta ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a sa masa iyaka da ranar biya.

Rami na uku shi ya fi zurfi, kuma ina roƙon mai karatu ya natsu a nan. A shekarar 2022 dalar Amurka ta tashi daga kusan sidi 6 a farkon shekara zuwa fiye da sidi 13 a watan Nuwamba. A watan Disamba hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. To, ga lissafin firamare. A ce ka saro buhu 10 na shinkafa a kan sidi 300 kowanne, ka sayar a kan 330. Ka tara sidi 3,300, kana murna ka ci ribar 300. Ka koma Adum wurin 'yan sari, ka tarar buhu ya zama 380. Kuɗinka duka, uwa da riba, buhu 8 zai saya maka da ɗan canji. Ka sake zagayowa sau biyu ko uku a haka, ina kanti? Wannan shi ne aljanin da ya shiga kantin ƙanena. Riba ta gaskiya da kaya ake auna ta, ba da yawan takardun kuɗi ba. Saboda haka kafin ka sa wa kaya farashi, ka tambayi nawa za ka sake saro shi yau, ba nawa ka saro shi jiya ba.

Amma fa kada a ɗauka kullum sama ake yi. A tsakanin Afrilu da Yuni na 2025 sidi ya yi ƙarfi, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa ƙasa da 11. Waɗanda suka zuba jarinsu kaf a kayan waje suka ɓoye suna jiran tsada, su ne suka kwana ciki. Darasin dai ɗaya ne: ka riƙa jin farashin sari kowane mako, kuma kada ka ɗaure kuɗinka duka a haja guda.

Tambaya ta biyu: ina za ni? "Allah Ya kawo kasuwa" addu'a ce mai kyau, muna kuma yin ta, amma Hausawa sun ce Allah Ya ce tashi in taimake ka. Buri sai da adadi da lokaci. Misali, kafin Babbar Salla mai zuwa zan sayi firiza, ko cikin shekara 2 zan tashi daga tebur in koma kwantena. In ka faɗi haka, sai ka raba kuɗin da makonni, ka san abin da za ka riƙa zubawa a susu.

A nan ne kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da cutar kwaikwayo. Mutum ɗaya ya kafa laimar momo, kafin wata ya ƙare laima biyar sun jeru. Wata ta fara sayar da burkina, sai layi duka ya zama na burkina, kowa ya rasa. Ka tambayi kanka, me zai sa mai saye ya wuce kantuna uku ya zo nawa? A layin ƙanena kantuna shida ne masu kaya iri ɗaya. Da muka duba, sai muka ga mafi amincin masu sayensa su ne matan da suke dafa koko da ƙosai da masu waakye, waɗanda suke bukatar wake da shinkafa da mai da sukari tun kafin gari ya waye. Sai ya watsar da kayan da suke shekara a kan kanta suna shan ƙura, ya mai da hankali ga waɗannan mata. Yana kai musu kaya har gida da daddare, su biya washegari in sun tashi daga ciniki. Wata dattijuwa a cikinsu ta ce mini, "Malam, ɗan'uwan nan naka ya hutar da ƙafata." Shiri ya haɗa da sanin abin da za ka bari, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Tambaya ta uku: yaushe? Kowace sana'a tana da kakarta da bazararta. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka tela da mai atamfa da mai sukari su duba kalanda tun da wuri. Telan da ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, ranar jajibere a ɓoye zai yini. Akwai lokacin komawa makaranta da aljihun iyaye yake bushewa, akwai Kirsimeti da maƙwabtanmu suke saye, akwai damina da ciniki yake ja baya. Ka rubuta watanni 12 a shafi guda, ka sa alama a kan na samu da na rashi, ribar na samu ta ɗauki nauyin na rashi.

Tambaya ta huɗu ita ce wadda ba mu son ji: in abu ya ɓaci fa? A watan Yulin 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie a Akra aka mai da su Adjen Kotoku, nesa da masu sayen da suka saba. A watan Yulin 2023 aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyakarta da Benin, motocin albasa suka maƙale a hanya, kaya suka ruɓe. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar Kantamanto cikin dare guda. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance har 347, masu ajiya suka shiga zullumi. Ba ɗan kasuwar da ya jawo ɗaya daga cikin waɗannan, amma wanda ya yi tanadi ya fi saurin miƙewa. Kada kuɗi ya kwana a kanti. Kada ajiya ta taru wuri ɗaya. Ka riƙe 'yan sari biyu ko uku. Duk wanda ya yi maka alkawarin ribar da ta fi hankali kowane wata kana kwance, ka riƙe aljihunka, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai maganar takardu, wadda ta shafe mu 'yan zango fiye da kowa. Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako 2 su bar ƙasa, mutane suka bar shaguna da gidaje, wasu suka sayar a wulaƙance. Yau zamani ya sake, amma takarda ba ta daina amfani ba. Ka mallaki katin ɗan ƙasa, wanda tun 2021 lambarsa ce lambar haraji. Ka yi wa sana'arka rajista. Yarjejeniyar hayar shago ta zama a rubuce da shaidu, ka kuma adana rasit na kowane kuɗin da ka biya hukuma. Haka nan ka sa wani amintacce cikin iyalinka ya san sirrin sana'ar. Attajirai nawa muka sani a zangunanmu, na goro da na shanu, waɗanda aka binne lissafinsu tare da su, magada suka tashi a tutar babu?

Wani zai ce shi bai yi boko ba. Ka rubuta da ajami, ai lissafi ba ya tambayar irin baƙi. In kuwa haka bai samu ba, ga ɗanka ko 'yarka da muke koya wa haɗawa da ɗebewa kullum. Ka zaunar da yaron minti 15 kowane dare ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Kai ka sami akawu, shi kuma ya ga amfanin karatunsa.

Ƙanena bai zama attajiri ba, kuma har yanzu wani lokaci hannunsa yakan zarce aljihun kanti in an matsa masa. Amma kanti ya sake cika, ya sayi firizarsa a 2024, kuma ya daina zargin maƙwabta da sammu. Kowane ƙarshen wata yakan kawo mini littafin in duba, yana dariya yana cewa ya kawo wa hedimasta.

Malami ba ya fita aji bai ba da aikin gida ba. Ga naku: kafin fitowa ta gaba, kowane mai sana'a ya sayi littafi ɗaya, ya ƙirga jarinsa, ya rubuta buri ɗaya mai adadi da lokaci. Wanda ya ci karo da matsala ya rubuto ta hannun edita, mu duba tare. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.