An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk lokacin da aka fasa asusun wani a kwamfuta, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: shi ya jawo wa kansa, don me ya zaɓi kalmar sirri mai rauni? Da wannan huɗuba aka yaye mu a jami'a, ita kuma bankuna da ma'aikatu ke nanata wa jama'a kullum. Ni dai ban karɓe ta ba, kuma hujjata tana cikin tarihin manhajar Windows, inda aka shafe shekara ashirin ana ajiye sirrin mutane cikin rumbun da maƙeransa suka san gara ta cinye gindinsa.

Kwamfutar kirki ba ta ajiye kalmar sirri yadda mai ita ya rubuta. Niƙa ta take yi ta hanyar wani lissafi, ta adana garin. In mutum ya dawo ya buga kalmarsa, sai ta sake niƙawa ta gwada da garin da ke ajiye. Gari ba ya komawa tsaba, don haka ɓarawon da ya sace shi ba shi da dabara sai ya yi ta niƙa kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ko ya dace da wadda garinta ya zo daidai. Tsaron gaba ɗaya ya rataya ne a kan yawan kalmomin da zai gwada da kuma wahalar kowace niƙa.

To, ga abin da tsarin LM, wanda ya samo suna daga manhajar LAN Manager ta kamfanin Microsoft ta 1987, yake yi wa kalmar da aka ba shi amana. Da farko sai ya mayar da kowane ƙaramin baƙi babba, wato wahalar da mutum ya sha wajen cakuɗa manya da ƙanana ta tafi a banza. Sannan ya tsayar da tsawon kalma a harafi 14. In ba ta kai ba, ya cike giɓin da sifiri. Daga nan sai ya aikata babban ta'adin: ya tsaga ta gida biyu, bakwai-bakwai, ya mayar da kowane ɓari mabuɗin tsarin ɓoye saƙo na DES, ya kulle wani tsayayyen rubutu guda da shi, wato KGS!@#$%, ya jera sakamakon biyu gefe da gefe. Kowane ɓari ana iya fasa shi shi kaɗai.

Mai karatu ya dubi lissafin. In muka tsaya ga baƙaƙe 26 da lambobi 10, kalma mai harafi 7 tana da fuska kusan biliyan 78. Mai harafi 14 ya kamata ta zama biliyan 78 sau biliyan 78, adadin da ba a ma san yadda za a kira shi a kasuwa ba. LM ya mayar da “sau” ya koma “da”: biliyan 78 a nan, biliyan 78 a can. Wanda ya bi shawarar masana ya zaɓi harafi 10, abin da ya samu shi ne ƙofa mai harafi 7 da taga mai harafi 3, wadda ke buɗewa kafin ƙiftawar ido, sau da yawa ma ta tona asirin abin da ke gabanta. Wanda kalmarsa ba ta wuce 7 ba kuwa, ɓarinsa na biyu kullum AAD3B435B51404EE ne, tamkar an rataya allo a ƙofar gida an rubuta cewa katangar nan gajeriya ce. Ina laifin mai kalma a nan?

Za a ce zamanin ne, ilimin bai kai ba. Wannan uzuri ba ya tsayuwa. Tun 1979 Robert Morris da Ken Thompson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka bayyana yadda manhajar Unix ke barbaɗa wa kowace kalma abin da ake kira gishiri: wata lamba da ake zaɓa da ka, ɗaya cikin 4,096, a gauraya kafin niƙa, domin mutum biyu masu kalma ɗaya su fita da gari daban. Suka kuma sa niƙar ta maimaita sau 25 da gangan don ɓarawo ya gaji. Shekara takwas bayan haka aka fito da LM ba ko ƙwayar gishiri. Illar ita ce ana iya niƙa kalmomi tun kafin sata, a tara su cikin kundi guda da zai yi aiki a kan kowace kwamfuta a duniya. A 2003 Philippe Oechslin na Lausanne a Suwizalan ya nuna hakan a aikace: da kundin gigabait 1.4 ya fasa kashi 99.9 cikin ɗari na kalmomin baƙaƙe da lambobi cikin daƙiƙa 13.6.

Abin da ya fi ci mini rai ya biyo baya. A 1993 Windows NT ta zo da sabuwar niƙa, wadda ba ta tsaga kalma, ba ta kuma taɓa manya da ƙananan baƙaƙe. Amma sai aka ci gaba da ajiye tsohon garin LM kusa da sabon. Ɓarawo ya fasa tsohon, ya samu kalmar da manyan baƙaƙe, sannan ya jujjuya manya da ƙanana a kan sabon, gwajin da ba ya wuce 16,384. An sayo sabon kwaɗo, an rataye mabuɗinsa a jikin tsohon. A 1997 ƙungiyar L0pht ta Boston ta fitar da manhajar L0phtCrack, ta shanya wannan rauni a bainar jama'a. Duk da haka Windows XP ta fito a 2001 tana ajiye LM, sai in mai na'ura ya san inda zai shiga ya kashe shi, ko kalmarsa ta kai harafi 15. Malamin makaranta nawa ne, ko akawun asibiti nawa, suka taɓa jin wannan labari? Sai da Windows Vista ta iso kasuwa a 2007 aka daina ajiye shi kai tsaye.

Masu kare kamfanin suna da magana ɗaya mai nauyi, ba zan ɓoye ta ba: akwai ɗimbin na'urori masu Windows 95 da 98 da ba su san wani yare ba sai LM, yanke su rana ɗaya zai tsayar da ofisoshi. Na yarda. Sai dai tambayar ita ce wa ya kamata ya ɗauki nauyin. Da an kashe LM tun daga masana'anta, an bar wa mai tsohuwar na'ura damar kunna shi, da haɗarin ya tsaya kan wanda ya zaɓe shi da saninsa. Aka yi akasin haka, domin ƙorafin babban mai ciniki da na'urarsa ta ƙi aiki yana isa kunnen kamfani, kukan wanda aka yashe asusunsa kuwa ana iya juya shi a ce sakacinsa ne.

Ban ce mai sa sunan ɗansa ko shekarar haihuwarsa ya yi daidai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Tun 1999 aka samu bcrypt, a 2015 Argon2 ya lashe gasar niƙar kalmar sirri, dukansu da gishiri, dukansu masu nawa da gangan. Garin da Windows ke adana wa asusun cikin na'ura kuwa har yau na 1993 ne: lissafin MD4 mai saurin tsiya, niƙa ɗaya tak, ba gishiri.