Littafin Lissafi da Kwanon Wanke Hannu

Mutum yakan kai ɗan'uwansa asibiti da karaya ko naƙuda, a yi aiki lafiya, bayan kwana uku sai zazzaɓi ya rufe majinyacin, rauni ya yi ɗiwa, kafin mako ya zagayo an kai shi makwanci. Jama'a su ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ajali na Allah ne, amma Allah ya sanya wa kowane abu sanadi, ya kuma ba mu hankalin da za mu bincika shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sukan ɗauki wata sabuwar cuta a cikin asibitin, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka ba ya tashi. Muna so mu ba masu karatu labarin wani likita da ya bi sawun wannan masifa, domin darasin da ke ciki ya shafi akawu da malamin makaranta kamar yadda ya shafi likita.

Sunansa Ignaz Semmelweis, mutumin ƙasar Hungari, an haife shi a 1818. A 1846 ya kama aiki a babban asibitin birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, inda akwai ɗakunan haihuwa biyu. A na farko likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomomi. Da ya buɗe littattafan asibitin sai ya ga abin tsoro. Daga 1841 zuwa 1846 an yi haihuwa 20,042 a ɗakin likitoci, mata 1,989 suka mutu, watau kusan 10 cikin 100. A ɗakin ungozomomi haihuwa 17,791, mutuwa 691, watau ba su cika 4 cikin 100 ba. Akasarinsu zazzaɓin jego ne ya kashe su. Matan gari sun san haka, har sukan yi ta roƙo kada a kai su ɗakin likitoci.

Manyan likitoci suka ce muguwar iska ce. To, amma ɗakunan nan biyu a gida ɗaya suke, iska ɗaya suke shaƙa. Semmelweis ya yi ta gwada dalilai ɗaya ɗaya yana yarwa. Ya sake yadda ake kwantar da mai naƙuda, mutuwa ba ta ragu ba. Aka ce ƙararrawar da ake kaɗawa in limamin Kirista zai shiga wurin mai gargara ita ke razana mata, ya sa aka bar kaɗa ta, nan ma ba abin da ya sake.

A watan Maris na 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya rasu, bayan wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa suna fiɗar gawa domin bincike. Da Semmelweis ya karanta bayanin abin da aka gani a jikin mamacin, sai ya ga daidai yake da na matan nan. Nan ya gane. Likitoci da ɗalibai sukan fito daga ɗakin gawa su zarce ɗakin haihuwa, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. Ashe hannun mai magani ne ke kai cutar. A watan Mayu ya kafa doka, kowa sai ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu, kafin dokar, mutuwa ta haura 18 cikin 100. A Yuni ta sauko kusa da 2, a shekarar 1848 duka ba ta kai ɗaya da rabi ba.

Mai karatu zai zaci an yi masa tukwici. Ina! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Yarda da maganarsa yana nufin manyan likitoci su amsa cewa hannuwansu sun kashe mata, wannan kuwa ya yi musu nauyi. A 1849 aka ƙi sabunta masa aikinsa, ya koma ƙasarsu. Shi ma yana da nasa rabon laifin. Ya yi nawar rubuta bincikensa, littafinsa bai fito ba sai 1861, sa'an nan ya bi abokan gardamarsa da wasiƙun zagi yana kiransu masu kisankai. Ya rasu a gidan mahaukata a watan Agusta na 1865, yana da shekara 47.

A cikin wannan wata da ya rasu, wani likitan fiɗa a birnin Galasgo, Joseph Lister, wanda ya karanta binciken Louis Pasteur na Faransa game da ƙwayoyin cuta, ya wanke karayar wani yaro da ruwan kabolik, rauni ya warke ba ɗiwa. Ya buga bayaninsa a 1867. Dā cikin mutum 35 da ya yanke wa gaɓa 16 suka mutu, da sabuwar hanya kuwa 6 cikin 40. Lister ya sami karɓuwa domin ya zo da dalili, ya rubuta da wuri, ya kuma horar da ɗalibai da suka watsa koyarwarsa.

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne na zamanin dā. A 1969 cutar Lassa ta fara bayyana ga likitoci ta hanyar ma'aikatan jinya da suka kamu a wurin aiki. A 1970 ta bazu cikin wani asibitin mishan a Jos, kuma Dakta Jeanette Troup ta rasu bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa, kamar dai Kolletschka. Ko a birnin Janeba mai arziki, da Didier Pittet ya sa aka ƙirga a 1994, sai aka ga ma'aikata ba sa tsabtace hannu a fiye da rabin lokutan da ya kamata. Ya sa aka ajiye maganin shafa hannu kusa da gadajen majinyata, cikin shekara huɗu masu ɗaukar cuta suka ragu daga kusan 17 zuwa 10 cikin 100.

To, ina ruwanmu? Na farko, ga akawu. Semmelweis bai taɓa ganin ƙwayar cutar nan da idonsa ba, littafin lissafi ne ya nuna masa hanya, kuma wasu ma'aikata da ba wanda ya san sunansu su ne suka cika shi da gaskiya shekara da shekaru. Da sun ɓoye mutuwa don kada a ga laifin shugabansu, da ba a gano kome ba. Saboda haka wanda ya riƙe rajistar asibiti ko ta disfensare, ya rubuta abin da ya faru, ko da zai ɓata wa na sama rai. Akawun da ya gyara lissafi don ya yi kyaun gani ya rufe ƙofar magani.

Na biyu, ga masu tsara kasafin kuɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna rabin wuraren shan magani na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu. Gini mai fenti yana jawo taro ranar buɗewa, ruwa da sabulu kuwa ba a yi musu biki, don haka su ake fara yankewa in kuɗi ya gaza. Mu a ganinmu su ya kamata a fara rubutawa. Ba adalci ba ne a tsawata wa malamin asibiti kan wanke hannu alhali randarsa ba ruwa.

Na uku, ga malaman makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likita da ungozoma da wanzami na gobe suna zaune yau a kan bencin aji. Haddace cewa tsabta tana da kyau bai isa ba. A ajiye buta da sabulu a ƙofar aji, malam ya fara wanke nasa hannu yara na gani, ya kuma gaya musu dalili, gama dokar da ba a san dalilinta ba da an juya baya ake karya ta. A koya musu kuma cewa in ƙarami ya zo da hujja, babba ya saurara.

Allah ya ba shugabanninmu ikon karɓar gaskiya ko daga bakin wa ta fito, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.