Idan Ƙafar Yaro Ta Saki, Kada Mu Yi Shiru

Ran 25 ga watan Agusta na 2020 ne aka ba da sanarwar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali. Mun gode wa Allah, domin a 1988, lokacin da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da cutar, tana shanye yara kimanin 350,000 kowace shekara a duniya. An yaba wa masu ɗiga allurar rigakafi, kuma sun cancanci yabo. Ba mu manta da guda tara da aka harbe a Kano a watan Fabrairu na 2013 ba. Amma akwai wasu ma'aikata da ba a cika ambatonsu ba, watau jami'an sa ido kan cututtuka. A kansu muke so mu yi magana yau.

Mene ne aikinsu? A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in da aka ɗora wa nauyin bin sawun cututtuka masu yaɗuwa. Da zarar ya ji cewa ƙafa ko hannun yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya saki farat ɗaya, sai ya tashi ya nemi gidan, ko da kuwa a bayan dutse yake. Zai ɗebi bayan gidan yaron sau biyu, da tazarar kwana ɗaya, cikin kwana 14 da fara ciwon. Daga nan sai ya sa a akwatin ƙanƙara, a kai ɗakin bincike na Ibadan ko na Maiduguri. In an makara, ko sanyin ya kuɓuce a hanya, wahalar ta zama ta banza. Tun 2011 kuma aka fara ɗiban ruwan kwata a Kano domin neman ƙwayar tun kafin ta kayar da kowa.

Wani zai ce, ina dalilin wannan wahala a kan yaro guda? Dalilin shi ne, cikin mutum 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne kawai take shanyewa. Sauran suna yawo da ita ba su sani ba. Ashe ke nan yaro ɗaya da ƙafarsa ta saki yana iya zama shaidar cewa wuta ta riga ta kama unguwa.

Abin da ya faru a Jihar Barno ya isa darasi. Nijeriya ta yi shekara biyu ba a ga cutar ba, har an fara murna. Sai ga ta a watan Agusta na 2016 a ƙananan hukumomin Jere da Gwoza. Bincike ya nuna ƙwayar ta yi kusan shekara biyar tana yawo a ɓoye, a wuraren da rikici ya hana ma'aikata shiga. Ashe rashin jin labari ba shi ne rashin cuta ba.

Har yanzu ma da sauran aiki. Ƙwayar asali tana nan a Fakistan da Afganistan, kuma a 2022 an gano irin ta Fakistan a Malawi da Mozambik. A nan Arewa, akwai wani nau'in da yakan ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, shi ma yana gurgunta yaro kamar na farko. Kuma amfanin waɗannan ma'aikata bai tsaya ga shan inna ba. Lokacin da Ebola ta shiga Legas a 2014, gogaggun yaƙi da shan inna suna cikin waɗanda suka bi sawun masu ciwon har aka shawo kanta cikin wata uku.

To, ina ruwan ikilisiya? Gaskiya ɗaya ce: a ƙauyukanmu, yaron da ƙafarsa ta saki ba asibiti ake fara kai shi ba. Sunan cutar kansa ya nuna yadda kakanninmu suka ɗauke ta aikin iska. Shi ya sa wasu sukan nufi wurin boka, wasu wurin mai ɗori, da yawa kuma gidan fasto ko mai bishara. Sau da dama kwana 14 ɗin nan a ɗakin addu'a suke ƙarewa, jami'i bai sami labari ba.

Ba mu ce a daina addu'a ba, Allah ya kiyaye. Cewa muka yi, a yi addu'a, a kuma aika wa asibiti mafi kusa a ranar. Wanda ya ba mu addu'a shi ne ya ba likita basira. A sura ta 33 ta littafin Annabi Ezekiyel an nuna mana cewa mai tsaron da ya hango haɗari bai busa ƙaho ba, alhakin waɗanda suka hallaka yana wuyansa. Shugaban da ya ga irin wannan yaro ya yi shiru, ya tambayi kansa inda ya tsaya.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawa su san jami'in ƙaramar hukumarsu, su riƙe lambar wayarsa. Zumuntar Mata ta ɗauki wannan magana zuwa tarurrukanta, gama uwa ce ke fara lura da tafiyar ɗanta. Iyaye kuma, in jami'i ya zo neman bayan gidan yaro, kada a yi masa kallon mai mugun nufi. A ba shi ruwa, a ba shi haɗin kai. Cuta ba ta tambayar addini, don haka in ɗan maƙwabcinmu Musulmi ne abin ya sama, shawara ɗaya za mu ba shi.

Ga hukuma kuwa, muna kira a riƙa biyan waɗannan bayin Allah haƙƙinsu a kan kari, a ba su abin hawa da mai, a kuma kula da tsaron rayukansu. Mai gadin da aka bari da yunwa, barci zai yi.

Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu, ya kuma ba mu idon gani da bakin faɗa. Amin.