ZAMAN GIDA: In Wi-Fi Ya Ƙi Kaiwa Ɗakin Baya



Tsohuwarmu tana zaune a ɗakin da ke can ƙuryar gida. Kowace Lahadi in an taso daga sujada, ƙanena da ke aiki a Ingila yakan kira ta su gaisa, suna ganin juna a waya. Amma da sun fara sai hoto ya tsaya, murya ta yanke. Dole Mama ta dogara sanda ta fito zaure, inda akwatin Wi-Fi yake, wanda ake ce wa rauta. Ranar da ta yi tuntuɓe a dokin ƙofa na ce abin ya isa. Ga abin da na koya.

Na fari, kada ka yi gaggawar kashe kuɗi. Tsaya kusa da rauta ka gwada wayarka. In a nan ma intanet ɗin yana jan ƙafa, to matsalar daga kamfani ne, ba na'urar da za ka saya ta gyara. Ruwan da bai shigo gida ba, ba a raba shi a randuna. In rautarka mai layin waya ce, ajiye ta kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi.

Na biyu, dubi mazauninta. Bangon siminti, ƙofar ƙarfe, kwano, firji da tankin ruwa duk suna tare Wi-Fi. Ɗauke ta daga ƙasa ko bayan talabijin, ka ɗora ta a bisa, wajen tsakiyar gida. Rautoci da yawa suna da hanya 2: ta 2.4 GHz ta fi nisa da ratsa bango, ta 5 GHz ta fi sauri amma ba ta nisa. Mai ɗakin baya ya kama ta farkon.

Na uku, akwai ƙaramar na'ura mai ƙara nisa, ekstenda. Aikinta kamar na mutumin da ke tsaye a ƙofar majami'a ran babban taro, yana maimaita wa na waje abin da Fasto ya faɗa. In shi kansa bai ji sosai ba, me zai isar? Nan na yi kuskure, gama na jona tawa a ɗakin Mama, inda ba sabis. Wurinta shi ne tsakanin rauta da ɗakin, inda sabis yake da sauran ƙarfi. Ka sani kuma, masu arha sukan rage saurin kusan rabi, domin sai sun saurara kafin su maimaita.

Na huɗu, gida mai sassa da yawa ya fi dacewa da abin da ake kira mesh. Akwatuna ne 2 ko 3 masu aiki tare da suna ɗaya, wayarka tana komawa wanda ya fi kusa kana tafe. Sun fi tsada, kowanne kuma yana bukatar wuta. Kafin ka saya, yi lissafin abin da zai riƙe su in an ɗauke lantarki. In da hali a ja kebul tsakaninsu, shi ya fi. Kebul na intanet yana kaiwa mita 100.

Mu dai, da muka matsar da rauta, muka sa ekstenda a baranda, Mama ta huta da fitowa. Yanzu daga kan gadonta take sa wa jikokinta albarka.

Sauran magana ɗaya, iyaye. Yau intanet ya shiga ɗakin yara da dā bai kai ba. Ku canja kalmar sirri da na'urar ta zo da ita, ku san abin da 'ya'yanku suke kallo. A gidanmu, in lokacin addu'ar dare ya yi, kowa yakan ajiye wayarsa a faifai, har da maigida.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon gidajenmu. Amin. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.